Lambun bayan gida a ƙasar sanyi: abun da za ku yi kafin ƙanƙarar farko ta sauka

Salam 'yan uwa. Wannan na waɗanda suke zaune a Amurka da Kanada da Ingila da sauran ƙasashen sanyi ne kuma suka ɗan shuka kayan miya a bayan gida ko baranda ko filin lambun unguwa, musamman waɗanda bana ce shekararsu ta farko. Kaka ta kama, dare ya fara tsawo, toh akwai wani dare guda ɗaya da yake tafe wanda in bai same ku a shirye ba zaku kwanta da lambu kore shar ku wayi gari ku tarar da tumatir da tattasai da kuɓewa duk sunyi baƙi sun langaɓe, kuma babu ruwa ko takin da zai dawo dasu.

Abun da yake ruɗar mutanenmu shine a gida sanyi abokin tumatir ne. Lokacin hunturu ne Kadawa da Kura da Danja suke cika da tumatir har kwando ya faɗi warwas a kasuwa, so mutum yazo nan da tunanin ai tumatir baya tsoron sanyi. Amma sanyin Kano ɗinnan da muke ƙudundunewa muna jin ɗumi saboda shi, yawanci digiri 10 ne zuwa 14 da asuba, ruwan randa baya daskarewa. Anan kuwa sifili ake magana da ƙasa da sifili, ruwan dake cikin ganyen ne da kansa yake zama ƙanƙara ya farfasa naman ganyen daga ciki, in rana ta fito ya narke sai ganyen ya zube. Shi yasa ba a gyara shi bayan ya faru.

Lambobi huɗu nake so ku riƙe, musamman 'yan Amurka da wayarsu take nuna Farenhait. 32 shine sifili a Salshiyos, nan ruwa yake daskarewa. 28 kusan digiri 2 ne ƙasa da sifili, in an kai nan aka ɗauki awanni toh duk wani kayan zafi ya gama yawo ko an lulluɓe shi da zani ɗaya. 36 kusan digiri 2 ne sama da sifili, kuma wannan ita ce lambar da take cin mutane, domin zaka duba waya kaga 36 kace ai bai kai ba ka kwanta, alhali ma'aunin da masu hasashen yanayi suke amfani dashi yana sama da ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, can ƙasa inda ganyen yake ya fi haka sanyi, raɓa zata iya daskarewa a kansa. Ta huɗun ita ce 50, wato digiri 10, ita kuma tamu ce mu masu shuka kayan gida. Maƙwabcinka Bature mai kabeji da karas ba ruwansa da ita, amma kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da daidoya da dankalin Hausa tun daga nan suke fara shan wuya, girma ya tsaya, fure ya zube, ganye ya fara ɗigo-ɗigon baƙi. Don haka kar ku riƙa leƙa lambun maƙwabta kuna cewa ai su basu cire komai ba, abun da suka shuka daban ne da naku.

Yaushe ƙanƙarar farko take zuwa? Ya danganta da inda kuke. Kalgari da Winifeg tun tsakiya zuwa ƙarshen Satumba ake fara ganinta, Miniyafolis farkon Oktoba zuwa tsakiya, irinsu Shikago da Kolombus da Toronto tsakiya zuwa ƙarshen Oktoba, cikin garin New York sai Nuwamba saboda gine-gine da kwalta suna riƙe zafi, Atlanta ma Nuwamba, Hustan kuwa sai Disamba wata shekarar ma da ƙyar a ganta. Landan yawanci Nuwamba, arewacin Ingila da Sikotland su riga ta. Duk wannan matsakaici ne fa, zata iya yin sammako da sati biyu ko ta makara. 'Yan Amurka ku nemi shafin ofishin malaman gona na jami'ar jiharku, kowace jiha tana da shi, suna saka kwanakin gari-gari kyauta. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, taswirar nan ta shiyya-shiyya ta ma'aikatar gona ta Amurka da aka sabunta a 2023, wadda ake cewa ni ina 6 kai kana 4, ba ranar ƙanƙarar farko take faɗa ba, tsananin sanyin tsakiyar hunturu take aunawa, kar ku haɗa su.

Shi kuma daren da kansa yana da alamomi, in kun saba ko ba waya zaku gane shi. Da yamma gari ya washe tas babu gajimare, iska ta kwanta ɗif ganye baya motsi, iskar ta bushe, rana na faɗuwa kaji sanyi ya sauko maka a hannu lokaci ɗaya. Gajimare yana tare zafin da ƙasa take fitarwa da dare, iska kuma tana gauraya ta sama mai ɗan ɗumi da ta ƙasa, toh in duka biyun babu zafin sai ya tsere sama kawai. Mafi tsanani ba tsakar dare bane, bayan sallar asuba ne gab da fitowar rana. Sannan iska mai sanyi ta fi nauyi, gangarowa take ta taru a kwari, so komin dake ƙasan gangare ko lungun shinge shi yake fara ƙonewa, wanda yake jikin bangon gida ta kudu kuma shi ne na ƙarshe. Hukumar yanayi ta Amurka tana turo gargaɗi, zaku ga an rubuta Frost Advisory in ana sa ran 33 zuwa 36 a Farenhait, Freeze Warning kuma in 32 ne ko ƙasa. Ku kunna sanarwar a waya. In da hali ku sayi ɗan ma'aunin zafi mai araha wanda yake ajiye mafi ƙarancin lambar dare ku rataye shi daidai tsayin shukar, sati ɗaya ya isa ku gane ko lambunku ya fi abun da waya take faɗa sanyi.

Ni a wajena girbi shine gaba da lulluɓi, kuma nan ne mutane suke juya abun. Kowa hankalinsa yana kan bargo da zanin gado, alhali rabin abun da ake wahalar rufewa cirewa ya kamata ayi. Tun saura wata guda ku datse kan tumatir ku tsinke duk wani sabon fure da 'yan ƙananun 'ya'ya, tumatir yana ɗaukar kusan sati shida zuwa takwas daga fure zuwa nuna, furen da ya fito a tsakiyar Satumba a Ohayo ba inda zashi sai dai ya janye ƙarfin da manyan suke buƙata. Ku daina saka taki, ku ɗan rage ban ruwa.

Kuɓewa kar ku ɓata zaninku a kanta. Da dare ya fara sauka ƙasa da 10 ta riga ta yanke shawara, ku tsinke duk abun dake jiki manya da ƙanana, waɗanda suka ƙosa suka yi tauri ku barsu a matsayin iri in sun fara bushewa, ku yanko su da sandarsu ku rataye a cikin gida su ƙarasa. Ɗanyar ko dai ku yayyanka ku zuba a leda sai firiza, ko ku busar. Maganar busarwa, dan Allah kar wanda ya shanya a tsakar gida yana jiran rana, ranar Oktoba a nan bata da ƙarfin da zata busar da komai, fumfuna zaku kwasa. Na'urar busar da abinci ake amfani da ita a digiri 52 zuwa 57 na Salshiyos, ko oban a wuta mafi ƙanƙanta a bar ƙofar a ɗan buɗe, in ta bushe ƙayau tana karyewa sai a daka ko a niƙa a bilenda, kuna da miyar busasshiyar kuɓewa har bazara. Haka ake kauɗar tumatir ma, da barkonon yaji.

Yakuwa ita ce mai ban haushi. Duk wanda ya shuka ta a arewacin Amurka ko Kanada yana mafarkin zoɓo ya san abun da nake nufi, zata yi tsayi ta fi mutum tayi ganye jingim amma fure shiru, domin ita sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12 take fara fure, a nan kuma wannan yana faɗowa ƙarshen Satumba ne, kafin 'ya'yan su ƙosa ƙanƙara ta iso. 'Yan Fulorida da kudancin Teksas suna samun zoɓonsu lafiya lau, mu na sama ganyen shine rabonmu, kuma ba ƙaramin rabo bane in kun san nawa ake saida ɗan ƙulli a shagon 'yan Afirka in ma an samu. Ku zage ganyen gaba ɗaya kafin daren, in akwai 'ya'yan da suka ɗan tasa ku cire ko ƙanana ne zasu yi kofi biyu uku. Ganyen a wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, a tsame a zuba a ruwan sanyi, a matse sosai a dunƙula daidai tukunya ɗaya-ɗaya, a ƙulla a leda a jera a firiza. Haka za ayi wa rama da alayyahu da lalo da ganyen zogale da na kabewa. Tsomawar nan ba ƙa'ida ce ta banza ba, in kuka saka shi ɗanye bayan wata biyu zai canza launi da ɗanɗano. Ku rubuta suna a jikin ledar kuma, in sun daskare duk kamarsu ɗaya, zaki ɗauko na taushe ki tarar rama ce. Alayyahun da yayi kai ku yanke kan ku saka a jakar takarda ya bushe, ku girgiza, iri ya wadace ku har ku raba wa mutane.

Tumatir yana da sauƙin kai fiye da yanda ake zato domin baya buƙatar uwarsa kafin ya nuna. Duk wanda ya fara canza launi ko da ɗan ja-ja ne a gindi ku cire. Koren ma in ya ƙosa zai nuna, yanda ake ganewa shine ya kai cikakken girma, koren ya ɗan yi haske yana sheƙi, in kuna kokwanto ku yanka ɗaya, in 'ya'yan cikin suna zillewa wuƙa kuma akwai ruwan nan mai yauƙi a kewaye dasu ya ƙosa, in wuƙa ta raba 'ya'yan gida biyu bai kai ba, irinsa sai dai a soya ko a watsa a miya haka nan. Ku jera a kwali layi ɗaya ko biyu da takarda a tsakani, ba sai an saka a taga ba, ɗumi yake so ba haske ba. A digiri 18 zuwa 21 kamar sati biyu ya nuna, a wajen 13 kuma ya ɗauki sati uku zuwa huɗu, so ku raba biyu wani a kicin wani a ɗakin ƙasa kar su nuna muku rana ɗaya. In kuna sauri ku jefa ayaba ko tuffa ɗaya a kwalin, iskar da suke fitarwa tana hanzarta nuna. Banda firiji, koren tumatir in ya sha sanyin firiji ya lalace kenan. Ku riƙa dubawa duk bayan kwana biyu kuna fidda mai tabo. Wani abu kuma ga masu ajiye markaɗe a kwalba a kan kanta, malaman gona sun hana ayi haka da tumatirin da aka tsinka daga shukar da ƙanƙara ta riga ta kashe, tsaminsa yana raguwa kuma tsamin ne yake hana ƙwayar cuta mai guba tsirowa a kwalbar. Irin wannan ku markaɗa ku tafasa ya tsotse ku saka a firiza, shikenan.

Tattasai da attaruhu da shambo ba sai an tsoma su a ruwan zafi ba, a wanke a tsane a zuba a leda, ko a jajjaga tare da albasa. Attaruhu shi yake ɓata wa mutane rai domin yana da nawa, sai Satumba yake cika da 'ya'ya korra. Wanda ya kai girma zai ɗan yi ja a cikin gida, wasu suna tuge bishiyar da saiwarta su rataye ta kai ƙasa a gareji su ƙarasa a jiki. Gauta da yalo da kokwamba da ɗanyen wake duk ku tsinke, basu da juriya ko kaɗan. Kabewa ku yanko ta da ɗan hannunta kamar santimita 5 zuwa 10, kar ku ɗauke ta ta hannun ya ɓalle domin ta nan ruɓa take shiga, a barta wuri mai ɗumi kwana 10 bayanta yayi tauri sannan a ajiye a inda yake 10 zuwa 13.

Dankalin Hausa yana ƙarƙashin ƙasa sai mutum ya ɗauka yana cikin aminci, ba haka bane. In ƙasar ta sauka ƙasa da 10 zuwa 13 ya fara lalacewa daga ciki, ba zaku gani ba sai bayan wata ɗaya kun yanka kun ga baƙi. Ku haƙe shi kafin daren, in kuma ta riga ku ta ƙone ganyen ku yanke yaɗon a ranar ku haƙe cikin kwana ɗaya biyu. A hankali ake haƙa, fatarsa sabuwa bata da ƙwari, kar a wanke, a kakkaɓe ƙasar kawai. Sannan yana buƙatar zama a wuri mai zafi da laima, digiri 27 zuwa 29 a Salshiyos na sati ɗaya zuwa kwana 10, nan ne ciwukan jikinsa suke warkewa zaƙin kuma ya fito, in kuka dafa shi ranar da kuka haƙa zaku ce wannan wane irin dankali ne ba zaƙi. Ƙaramin ɗaki da hita da kwanon ruwa yayi. Dankalin Turawa ba shi da wannan rigimar, ganyen ya mutu ba komai, ku dai haƙe kafin ƙasar kanta ta daskare ku ajiye a duhu. Gyaɗa da citta da kurkum in kun gwada su, suma kafin daren.

Yanzu lulluɓi. Yana da amfani amma a wuri ɗaya, wato in ƙanƙarar mai sauƙi ce, sifili zuwa 2 ƙasa da sifili, kuma hasashe ya nuna bayanta ɗumi zai dawo. Hakan yana yawan faruwa, ayi dare ɗaya biyu na sanyi sannan a samu sati biyu har uku na yanayi mai daɗi, toh wannan satittikan kuke siyo wa attaruhu da tattasai da tumatirin da suke gab da nuna. In kuwa kun ga 4 ko 5 ƙasa da sifili kwana uku a jere, ku haƙura ku tsinke, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yanda ake yi, tun da rana ku shayar da ƙasar sosai, ƙasar fa ba ganyen ba, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafin rana ta sake shi da dare. In kun baza ciyawa ko hakin alkama a gindin shukar ku ɗan janye shi gefe ranar, yana tare zafin ƙasar ya hana shi tasowa. Tsakanin la'asar da magariba ake rufewa tun ƙasa tana da sauran ɗumi, kar a bari sai bayan isha'i. Zanin gado, tsohon bargo mara nauyi, labule, buhun algarara, atamfar da aka daina ɗaurawa, ko farin yadin nan mara nauyi da ake saidawa a shagon kayan lambu musamman don haka. Abun da ya fi komai muhimmanci shine zanin ya sauka har ƙasa ta ko'ina a danne bakinsa da duwatsu ko bulo, kamar yanda ake cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa ba a barin kafa. Dalili kuwa shuka bata da zafin jiki irin namu, zanin ba ita yake ɗumamawa ba, zafin da yake tasowa daga ƙasa yake tarewa, so wanda ya naɗe kan bishiyar ya ɗaure a wuya ya bar ƙasa a waje bai yi komai ba. Ku kafa sanduna ko ku yi amfani da kejin tumatir zanin ya hau kai kar nauyinsa ya karya rassa in ya sha raɓa. Leda ko tamfol kar su taɓa ganye, duk inda leda ta taɓa nan zai ƙone, in dole sai kun saka ta saboda ruwan sama ku ɗora ta a saman zanin. Ƙananun shuka a kifa musu bokiti ko kwali ko tukunya. In kuna son ƙari ku cika jarkoki da galan-galan na madara da ruwa ku barsu a rana tun safe ko ku zuba ruwan zafi ku tura ƙarƙashin zanin. Duk wannan digiri 1 zuwa 4 yake ƙara muku gwargwadon kaurin abun, kar ku sa rai da fiye da haka.

Da hantsi in ma'auni ya haura sifili sosai ku yaye, in kun barshi rana ta buga, musamman mai leda, zafi ne kuma zai dafa su. Ku shanya zanin ya bushe domin jiƙaƙƙe baya aiki a dare na biyu. Abubuwa biyu kar ku kwaikwaya. Na farko fesa ruwa da dare da kuke gani manoman sitiroberi na Fulorida suna yi, su basa tsayawa har gari ya waye kuma da lissafi suke, in ka fesa ka tafi ka kwanta ka ƙara wa shukar bala'i ne. Na biyu kunna gawayi ko risho a gareji ko ɗakin leda don ɗumama shuka, hayaƙin nan mara wari yana kisa, attaruhu bai kai ran mutum ba.

Akwai waɗanda suka cancanci a shigo dasu ciki. Attaruhu ba ɗan shekara ɗaya bane, sanyi ne yake kashe shi, in kuka tsallakar dashi hunturu baɗi zai riga na sabon iri haihuwa da makonni, a ƙasar da damina take gajeriya wannan ba ƙaramin abu bane. Ku zaɓi biyu mafi lafiya, ku haƙo da saiwa ku saka a tukunya da sabuwar ƙasa, ku datse rassan ku bar kamar santimita 15 zuwa 20 da 'yan rassa biyu uku, ku zage ganyen, ku wanke shi tas da ruwa da ɗan sabulu saboda ƙananun ƙwarin nan masu maƙalewa bayan ganye irin darɓa, in suka shigo gida sai sun bi duk wata shuka da kuke da ita. Wuri mai ɗan sanyi wajen 13 zuwa 16 kusa da taga, ruwa kaɗan in ƙasar ta bushe, ba taki. Zogale ma haka, in a tukunya yake a datse shi a kai ɗakin ƙasa, zai zubar da ganye ya zama sanda kawai, kar ku ce ya mutu ku yar kuma kar ku ce tausayi ku dinga ɗura masa ruwa, ruwan ne yake ruɓar da saiwar. Shuwaka da daidoya a yanki rassa a tsoma a kwalbar ruwa a taga zasu yi saiwa. Masu lambun baranda ku sani tukunya ta fi ƙasa saurin daskarewa tunda sanyi yana bugunta ta ko'ina, ku jawo su jikin bango ku haɗa su waje ɗaya, ko ku shigo dasu da magariba ku fitar da hantsi.

Kabeji da karas da latas da albasa mai lawashi da alayyahun Turawa da kel, wato wani ganye dangin kabeji, ku ƙyale su. Ƙanƙara mai sauƙi bata musu komai, karas da kel ma zaƙi suke ƙarawa domin suna tara suga a jikinsu don kare kansu. Karas in kuka tula masa hakin alkama ko busasshen ganye kamar santimita 20 zuwa 30 zaku riƙa haƙa har Disamba a wurare da yawa. Na'a-na'a zata mutu a sama ta dawo da kanta a bazara, ita matsalarta ma yawa ce.

Tafarnuwa kuwa yanzu ne ma lokacin shukarta, kuma ina ganin duk mai komi ɗaya ya kamata ya gwada domin babu abun da ya kaita rashin wahala. Bayan ƙanƙarar farko, kafin ƙasa ta daskare da sati uku zuwa shida, a yawancin arewacin Amurka Oktoba kenan. A ɓare kan a bar ɓawon kowane ɗa, a zaɓi manyan, a binne zurfin santimita 5 tsinin yana kallon sama, tazarar santimita 15, a rufe da haki. Sai Yuli a tuge. Ku sayi ta shuka a shagon lambu ko kasuwar manoma, mai sanda a tsakiya ta fi jure sanyi, ta kanti ba lallai ta dace da yankinku ba.

In daren ya wuce ya kashe abun da zai kashe sai shara. Karan tumatir da kabewar da suka yi ciwon ganye kar ku zuba su a ramin takinku, ku ɗura a buhun sharar lambu a kwashe, in ba haka ba baɗi ku tarar da ciwon yana jiranku. Masu lafiya a sassara a zuba a taki. Ganyen bishiyun da yake zuba ɗinnan da maƙwabta suke ɗurawa a buhu suna ajiyewa bakin titi taki ne na kyauta, ku bi ta kansa da injin yankan ciyawa ku baza a kan komaye, banda na baƙar walnot, yana da sinadarin da tumatir da tattasai basa shiri dashi. In kuna da hanyar samun kashin doki ko na kaji yanzu ake zubawa ya kwana a ƙasa duk hunturu, domin ɗanyen kashi ana son ya samu aƙalla kwana 120 kafin a ci abun da yake taɓa ƙasa.

Sai famfo, wanda shi ne zai iya cin kuɗinku fiye da duk lambun. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, tiyon da aka bari a maƙale a famfon waje yana riƙe ruwa a bututun, bututun ya fashe a cikin bango, ba zaku sani ba sai ya narke ruwa ya cika ɗakin ƙasa. Ku kwance tiyo ku tsiyaye shi ku naɗe ku kai gareji, ku nemi makunnin famfon waje dake cikin gida ku kashe, sannan ku buɗe na wajen sauran ruwan ya fita ku barshi haka. In haya kuke ku tambayi mai gidan inda makunnin yake tun yanzu. Duron tarar ruwan sama a juye shi a kife, tukwanen ƙasa na yumɓu a zazzage su a shigo dasu domin tsagewa suke. Masu fili a lambun unguwa ku duba takardar da aka baku, yawanci akwai ranar da ake kashe ruwa da ranar da dole kowa ya share filinsa, kuma wasu wuraren in baka share ba baɗi wani za a ba.